Neman Masauki A Ingila: Shawara Ga Masu Niyyar Daɗewa



A 'yan makonnin nan wasiƙu sun taru a gabana daga mutanen da Allah ya nufe su da samun gurbin karatu ko na aiki a Ingila. Wani yana tambayar irin rigar sanyin da zai saya, wani yana tambaya ko a can ana samun garin tuwo da kuka, wani kuwa kuɗin jirgi ne ya dame shi. Duk tambayoyi ne masu kyau. Amma abin da ya ba ni mamaki, da ƙyar na ga wanda ya tambayi inda zai sa haƙarƙarinsa ran da ya sauka. Alhali kuwa wanda zai yi shekara guda ko biyu ko uku a wata ƙasa, in ban da kuɗin makaranta, ba abin da zai ci masa dukiya kamar ɗaki, ba kuwa abin da zai hana shi barci kamarsa. Don haka a wannan mako na ga ya kamata mu tsaya a kan wannan magana.

Na san dalilin da ya sa ba mu tambaya. Mu mutane ne da muka gaji wata al'ada mai kyau. Tun zamanin fataken goro, Bahaushe in ya doshi Salaga ko Kumasi ba ya tunanin masauki, domin ya san in ya isa zango akwai Sarkin Zango, akwai fatoma. Fatoma zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa in za a ba da bashi, sa'an nan ya sami la'adarsa a cikin ciniki. Haka abin yake a Sabo ta Ibadan, haka kuma mahajjatan ƙasa suka iske 'yan'uwa a garuruwan Sudan irin su Mai Wurno. Baƙo ba ya sa hannu a takarda, ba a tambayarsa jingina. Sunan ubansa da na garinsa sun isa.

To, ɗan'uwa, ka bar wannan tunani a gida. A Ingila ba fatoma. Mai gida bai san ubanka ba, bai damu da garinka ba. Takarda yake nema, da kuɗi, da wanda zai biya in ka kasa.

Wahalar nan kuwa tsohuwa ce. A shekarun da 'yan Afirka ta Yamma suka fara zuwa karatu Landan, sau da yawa mai gida yakan ce ɗaki yana nan, in ya ga fuskar mai nema sai ya ce an riga an kama. Wannan yana cikin abin da ya sa Ladipo Solanke, wani ɗan Nijeriya mai karatun shari'a, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a 1925. Ya dawo ya zaga ƙasashenmu yana neman gudummawa, har a 1933 suka buɗe gidan saukar ɗalibai a unguwar Kamdin. Lokacin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano kuma ya bi a 1946, ba wata doka da ta hana mai gida ƙin mutum saboda launin fatarsa. Sai a 1968 aka yi dokar da ta haramta wannan a sha'anin gidaje. Yau ba mai iya manna takarda a taga ya ce ba ya son baƙar fata. Abin da ya tsaya a gaban baƙo yanzu shi ne tsada, da sharuɗɗa, da 'yan damfara.

Bari mu fara da irin masaukan da ake samu. Na fari, ɗakunan kwana na jami'a. Ga sabon zuwa ba abin da ya fi su kwanciyar rai, domin kuɗin wuta da ruwa da ɗumama ɗaki da intanet galibi duk suna cikin kuɗin haya, kuma kana iya kamawa tun kana gida ba tare da tsoron cuta ba, tun da jami'ar da ta ɗauke ka ita ce mai ɗakin. Sai dai ba su isar kowa, kuma akan rufe karɓar suna da wuri. Ran da takardar ɗauka ta zo hannunka, ran nan ya kamata ka nema. Na biyu, manyan gidajen ɗalibai na kamfanoni, masu kama da na jami'a amma sun fi tsada. Na uku, ɗaki guda a gidan haɗaka, inda mutum huɗu ko biyar kowa da ɗakinsa, amma madafi da makewayi na tarayya ne. Nan ne yawancin mutanenmu ke ƙarewa. Gidan da mutum biyar ko fiye ke haya, ba 'yan iyali ɗaya ba, tilas ne ya sami lasin daga hukumar gari, kuma a irin wannan gida ba a yarda a kwantar da babban mutum a ɗakin da bai kai murabba'in mita shida da rabi ba. Na huɗu, ka zauna tare da mai gida a cikin gidansa. Wannan yakan fi araha, wani lokaci ma a dace da mutanen kirki, amma ka sani mai irin wannan zama kariyarsa a doka kaɗan ce, ana iya sallamarsa da gajeren wa'adi ba tare da an je kotu ba. Na biyar, gida sukutum, na mai iyali.

Sai lissafi, wanda shi ne sana'armu mu akawuna. A can sau da yawa akan faɗi kuɗin haya na mako ne, ɗan'uwa kuwa sai ya ninka sau huɗu ya ce ya sami na wata. Kuskure ne. Shekara mako 52 ce. A ce ɗaki fam 150 ne a mako. Ninka sau 52, ya zama fam 7,800. Raba gida 12, ya zama fam 650 a wata, ba 600 ba. Wannan hamsin da ta ɓuya, a shekara ta zama fam 600, kusan hayar wata guda ke nan da ba ka shirya mata ba. Bayan haka ka tambaya a fili: wuta da gas da ruwa suna ciki, ko kuwa dabam ne? Sa'an nan akwai harajin da hukumar gari ke ɗora wa kowane gida. Gidan da duk mazaunansa cikakkun ɗalibai ne an yafe masa, amma sai ka karɓo takardar shaida daga jami'a ka aika wa hukuma. Wanda ya je aiki kuwa zai biya. Kada kuma ka manta da kuɗin mota da jirgin ƙasa. Ɗaki mai araha a bayan gari, in aka haɗa da kuɗin zuwa da dawowa kullum, yana iya fin na kusa da makaranta tsada.

Ita kanta Gwamnatin ƙasar tana da nata ma'auni. A watan Janairu na 2025 ta ƙayyade cewa ɗalibi mai neman biza sai ya nuna yana da fam 1,483 na kowane wata in a Landan zai zauna, ko fam 1,136 in a wajenta ne, har na wata tara, kuɗin kuma su kwana 28 a banki ba a taɓa su ba. Akan ƙara wannan adadi lokaci lokaci, saboda haka ka duba na ranar da za ka nema. Amma ka lura da abin da yake nuna maka. Su da kansu sun shaida Landan ta fi sauran garuruwa tsada ƙwarai, kuma wannan kuɗi na ɗaki da ci da sha da sufuri ne gaba ɗaya, a ƙaramin ma'auni.

Akwai kuma abin da su ba su lissafa maka ba, watau darajar kuɗinmu. Kafin watan Yuni na 2023 dala guda a farashin Gwamnati wajen naira 460 ce. Da aka saki farashin, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya tara kuɗin shekara guda a naira sai ya wayi gari bai fi na wata huɗu a hannunsa ba. A 2024 ɗin an ji labarin ɗalibai 'yan Nijeriya a wata jami'a ta arewacin Ingila waɗanda suka kasa cika kuɗin makaranta har aka ce su bar ƙasar. Darasin shi ne, kuɗin haya fam ne, to, ka riƙe shi a fam tun da wuri gwargwadon ikonka, ka kuma bar rara.

Yanzu ga inda aka fi yi wa mutanenmu rauni. Mutum yana zaune a Kano ko Zariya, sai ya ga hoton ɗaki a Facebook ko a wani zauren WhatsApp, ɗaki mai kyau, kusa da jami'a, kuɗinsa kuwa ƙasa da na kowa. Ya yi magana, sai a amsa masa da ladabi: mai gidan ya yi tafiya, ba zai iya nuna ɗakin ba, amma masu nema suna da yawa, in ana so a aiko da kuɗi yau a ajiye makulli. Ɗan'uwa ya aika. Ran da ya sauka da akwatinsa ya buga ƙofa, sai wani ya fito ya ce shi shekararsa goma a gidan nan, bai taɓa sa shi haya ba. An ɗauki hoton ne daga wani wuri. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma kwaɗayin araha ne mabuɗinsa.

Alamun macuci uku ne, ba su sakewa: araha wadda ta wuce hankali, gaggawa, da ƙin nuna ɗaki. Maganinsa kuwa gani, domin gani ya kori ji. In ba ɗakin jami'a ba ne, kada ka biya ko kwabo sai kai ko wani amintaccenka ya shiga da ƙafarsa. In ba ka da kowa a garin, ka kama masaukin kwana goma ko mako biyu, ka yi nema kana can. Kuɗin mako biyun nan yana da zafi, amma bai kai zafin hayar wata uku da ta tafi ba dawowa ba. A Ingila kuma akwai ofishin rajistar filaye na Gwamnati, inda da 'yan kuɗi kaɗan za ka ga sunan mai kowane gida da aka yi wa rajista. In sunan ya saɓa da na mai karɓar kuɗinka, ka nemi bayani kafin ka ci gaba. Dillalin gidaje na gaskiya yana da ofis, doka kuma ta tilasta masa shiga wata ƙungiyar sauraron ƙorafi. Ka tambaye shi wacce yake ciki.

In ka sami ɗakin gaskiya, za a nemi abu biyu. Na ɗaya, shaidar cewa kana da izinin zama a ƙasar. Tun 2016 doka ta ɗora wa masu gidaje a Ingila su bincika wannan, in ba su yi ba a ci su tara, saboda haka kada ka ɗauka wulaƙanci ne. Yanzu izinin zama a intanet yake, za ka ciro wata lamba ka ba mai gida ya duba. Na biyu, mai lamuni, watau wani mazaunin ƙasar mai albashi wanda zai sa hannu cewa in ka kasa biya shi zai biya. Nan ne baƙo ke tsayawa cik. A da wanda ba shi da mai lamuni akan ce ya biya hayar wata shida ko ta shekara gaba ɗaya. Waɗansu jami'o'i sukan tsaya wa ɗalibansu, akwai kuma kamfanonin da ke tsayawa a biya su lada. Ka tambayi ofishin kula da ɗalibai tun kafin ka tashi, matambayi ba ya ɓata. In kuwa wani ɗan'uwa ne ya yarda ya tsaya maka, ka san girman abin da ya ɗauka, domin ran da ka yi sakaci ƙofarsa za a buga.

Game da kuɗin da za ka ajiye, doka tana bayanka, in ka san ta. Bisa dokar 2019, kafin alƙalami, watau abin da za ka bayar a riƙe maka ɗaki kafin a gama bincike, ba zai wuce hayar mako guda ba. Jingina kuwa, wadda ake riƙewa saboda ɓarna, a hayar talaka ba za ta wuce ta mako biyar ba. Dillali ba shi da ikon karɓar la'ada daga ɗan haya don ya nuna masa gida ko don rubuta yarjejeniya. A misalinmu na ɗazu, jingina fam 750 ce iyaka, hayar watan fari 650, jimla fam 1,400 kafin ka kwana. Jinginar nan kuma ba ta zama a aljihun mai gida yadda ya ga dama. Tun 2007 tilas ne ya sa ta ƙarƙashin ɗaya daga cikin hukumomin ajiya da Gwamnati ta amince da su, yanzu a cikin kwana 30, ya kuma ba ka shaida a rubuce. In bai yi ba, kotu tana iya sa shi ya biya ka har ninki uku. Ran fita in kun saɓa a kan abin da za a cire, hukumar ajiyar ce ke raba gardama, kyauta. Sai dai ita da hujja take aiki. Don haka ran da ka shiga, ka karanta takardar lissafin kayan ɗaki, ka ɗauki hoton kowane tabo da tsaga da lambar mita, ka aika wa mai gida ka ajiye naka. Ka sani kuma waɗannan ƙa'idodi na Ingila ne. Sikotland tana da nata dabam, wanda zai je can ya nemi nasu.

Sa'ad da kake duba ɗaki, mu da muka fito ƙasar rana akwai abin da idonmu bai saba nema ba. Mu zafi muke gudu, su kuwa sanyi da laima. A Landan cikin Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma watanni ake yi ana hura na'urar ɗumama ɗaki. Ka duba bayan labule da bayan gado da kusurwar rufi. In ka ga baƙin tabo ko ka ji warin ruma, fumfuna ce. Kada ka raina ta. A Disamban 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, iyayensa 'yan asalin Sudan, ya rasu a garin Rocdel, bincike kuma ya tabbatar fumfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi. Ka nemi takardar da ke nuna yadda gidan ke riƙe ɗumi, wadda ke da daraja daga A zuwa G, domin gidan da ke can ƙasa zai cinye maka kuɗi a wuta. In akwai gas, ka nemi shaidar binciken da ake yi masa kowace shekara.

Akwai kuma sabon abu da ya kamata kowa ya sani. A watan Oktoba na 2025 aka zartar da wata babbar doka ta haƙƙin 'yan haya a Ingila, Gwamnati kuma ta sa 1 ga Mayu 2026 ya zama ranar fara aiki da manyan sassanta. A ƙarƙashinta mai gida ba zai fitar da ɗan haya haka kawai ba sai da dalilin da doka ta sani, haya ta koma ta wata wata, ɗan haya yana iya fita in ya ba da sanarwar wata biyu, ba a ƙara kuɗi fiye da sau ɗaya a shekara, kuma ba a neman fiye da hayar wata guda a gaba. Wannan sauƙi ne babba. Amma ni a ganina yana da wani gefe ga baƙo, domin biyan wata shida a gaba shi ne abin da a da yake maye gurbin mai lamuni. In an rufe wannan ƙofa, mai gida zai ƙara matsawa a kan lamuni. Ɗakunan jami'a da zama tare da mai gida kuwa suna da nasu hukunci dabam.

Ga masu iyali ina da magana guda. Tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba a yarda su tafi da mata da 'ya'ya ba, sai masu karatun bincike mai zurfi da waɗanda Gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wanda aka yarda masa, shawarata ya riga su tafiya, ya sami gida, sa'an nan su biyo. Namiji shi kaɗai yana iya lallaɓawa a ko'ina na mako biyu. Mace da goyo a ɗakin otel, kuɗi suna zuba kullum, wannan kan sa mutum ya sa hannu a kan gidan da bai dace ba. Ka kuma duba nisan makarantar yara, da masallaci ko majami'a, da inda ake sayar da naman yanka da kayan miyarmu.

Wanda kuma ya ce ai yana da ɗan'uwa a can, zai sauka wurinsa, madalla da zumunci. Amma ka sani shi ma ɗan haya ne, kuma galibi yarjejeniyarsa ta hana shi zaunar da wani na dogon lokaci. In mai gida ya gane, ku biyu ne a waje. Ka faɗa masa ranar zuwanka da ranar tashinka tun kafin ka zo, ka sa hannu a cefane, ka cika alkawari. Baƙo raɓa ne, in ya wuce haka sai a fara duban agogo.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga hukumomin ba da tallafin karatu na jihohinmu, da ƙungiyoyin mutanenmu da ke zaune a can. Hukuma in za ta aika yaro, ta biya kuɗin masaukinsa a kan kari, domin mai gida a Ingila bai san ana jiran sa hannun wani babba ba. Ƙungiyoyi kuwa su ware mutum biyu ko uku a kowane gari waɗanda za su riƙa duba wa sababbin zuwa ɗaki kafin su biya, su karanta musu yarjejeniya. Solanke da abokansa sun yi abin da ya fi wannan wuya a 1933, ba su da waya a aljihu, ba su da albashin kirki. Mu da muka gaji fatoma da zango bai kamata a ce ɗanmu ya kwana a tashar jirgi da akwati ba.

Wanda ya taɓa zama a can, ko a wata ƙasa dabam kamar Masar ko Malesiya, ya ga abin da zai amfani jama'a, ya rubuto mu buga. Allah ya kai matafiya lafiya, ya haɗa su da masu gida na kirki, ya komo da su da abin da suka je nema.

Haza wassalam.

Naku,
Akawu